Tiyatar Yini Guda: Yadda Ake Shirya Mata da Yadda Ake Jinya a Gida

A da, duk wanda aka ce za a yi wa aiki a asibiti, sai 'yan'uwa su naɗe tabarma su haɗa bokiti da kwanuka, domin an san kwanciyar mako guda ce ko biyu. Yanzu akwai ayyuka da yawa da ake yi wa mutum da safe, kafin la'asar an sallame shi ya koma ɗakinsa. A cikinsu akwai gyaran ƙaba da gwaiwa, cire yanar ido, yanke ƙarin da ya fito a ƙarƙashin fata ko a mama, kaciya, da wasu ayyukan basir. Dabarar ta daɗe. Tun a 1909 wani likita a birnin Gilasgo na Birtaniya, James Nicoll, ya ba da rahoton ayyuka kusan 9,000 da aka yi wa yara aka mai da su hannun iyayensu a ranar. Daga baya, da aka samu magungunan barci masu saurin sakin jiki, sai tsarin ya yaɗu a duniya.

Amfaninsa a bayyane yake: ba kuɗin gado, ba zaman jinya a barandar asibiti, kuma wanda ya tashi ya taka da wuri ya fi saurin murmurewa. Sai dai aikin da ma'aikatan jinya za su yi da an kwantar da kai, yanzu ya dawo wuyanka da wuyan mutanen gidanka. Sallama daga asibiti ba ta nufin an warke. Wannan jagora ta ɗauki aikin ƙaba a matsayin misali, domin yana cikin waɗanda aka fi yi, amma yawancin ƙa'idojin sun shafi sauran ayyukan. Duk inda maganar likitanka ta saɓa da abin da ke nan, bi tasa, shi ya duba ka.

Wa ya dace da ita

Likita kan duba abu biyu: jikinka da gidanka. Mai hawan jini ko ciwon suga yana iya yin tiyatar yini guda idan ciwon na ƙarƙashin kulawa. Mai ciwon zuciya ko na huhu da ya yi nisa, da mai amosanin jini, galibi an fi son su kwana a asibiti. Ta ɓangaren gida kuwa, dole a samu baligi mai hankali da zai raka ka, ya mai da kai, ya kuma kwana tare da kai daren farko. Ana son waya mai caji a kusa, da abin hawan da za a samu ko da tsakar dare. Idan daga ƙauye mai nisa ka taho, nemi ɗan'uwa a cikin gari ka kwana wurinsa dare ɗaya ko biyu. Bai kamata tsakaninka da asibiti ya wuce tafiyar kamar awa guda ba.

Ranar ganin likita

Kwanaki kafin aikin za a auna jininka a ga ko ya isa, a duba suga da fitsari, a gwada hawan jini. Masu manyan shekaru akan ɗauki awon bugun zuciyarsu. Idan ba ka san rukunin jininka ba game da sikila, faɗa a gwada, domin ƙishirwa da sanyi da ƙarancin iska a jini suna tayar da ciwon, kuma duk ukun suna iya haɗuwa a ɗakin tiyata. Mace ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe. Jinin al'ada ba ya hana aiki, amma ciki yana sauya lissafi gaba ɗaya.

Tafi da duk magungunan da kake sha a cikin leda, da kwalayensu. Ka faɗi gaskiya ko da mai nauyin faɗi ce. Mai ba da maganin barci yana auna abin da zai ba ka ne bisa abin da jikinka ya saba da shi. Wanda ke shan tiramol ko kodin ko ƙwayar barci kullum, ma'aunin da ke kwantar da wani ba zai riƙe shi ba, kuma ɓoyewa shi za ta cutar. Haka jiƙo da tsimi da sauran maganin gargajiya, da maganin ƙarfin maza. Wasu suna tsinka jini, wasu suna sauke hawan jini ƙasa da kima idan sun haɗu da maganin barci. Faɗi kuma ko wani magani ya taɓa fito maka da borin jini, ko wani a danginku ya taɓa samun matsala da maganin barci, ko kana da haƙori mai girgiɗi.

Akwai magunguna iri uku da sai ka ji hukuncinsu daga bakin likita ɗaya bayan ɗaya. Na farko masu tsinka jini, irin su asfirin da wafarin da kilofidogirel. Kada ka tsai da su da kanka, kada kuma ka ci gaba da sha ba tare da an ce ka sha ba. Na biyu maganin suga, ƙwaya ko allurar insulin, domin shan su a kan yunwa yana faɗar da suga. Na uku maganin hawan jini, wanda sau da yawa ake cewa a sha da safiyar aikin da kurɓin ruwa ɗaya, amma akwai irin da ake ɗagawa. Sa a rubuta maka a takarda wanne za ka sha, wanne za ka bari, kuma daga wace rana.

Tambayi irin maganin kashe zafin da za a yi amfani da shi. Akwai allurar da ke kashe wurin aikin kaɗai kana farke, akwai allurar baya da ke kashe jiki daga cibiya zuwa ƙafa na 'yan awoyi, akwai kuma barci gaba ɗaya. Tambaya ko za a sa ragar ƙarfafa wurin a gyaran ƙabar, ko zaren ɗinkin mai narkewa ne, da jimillar kuɗi har da magani da gwaje-gwaje. Idan kana cikin inshorar lafiya, kammala takardun izini tun kafin ranar. Mai shan taba ya ajiye ta, zai fi kyau tun mako huɗu kafin aiki, domin tana hana rauni haɗewa, tarinta kuma yana jijjiga ɗinki.

Shirin gida

Duba wurin kwanciyarka. Tashi daga katifar ƙasa yana matsa wa mara, don haka gado ya fi a makon farko. Wanke zanen gado, a ɗaura gidan sauro. Idan masan gidanku na tsuguno ne, tanadi kujerar da aka huda ko wani abin dafawa. A cika randa da jarkoki tun kafin ranar, a sayo abinci, a raba wa wasu ayyukan da ka saba yi. Uwar gida da za a yi wa aiki ta san tun yanzu wa zai yi girki, wa zai yi wanki, wa zai goya yaro. Manomi da ba gaggawa a ciwonsa ya nemi a sa masa rana bayan an kai amfanin gona gida, don kada damina ta tilasta masa ɗaukar fartanya ɗinki bai yi ƙwari ba. Amma ƙabar da ta fito ta ƙi komawa, tana zafi, ga amai, ba ta jiran kaka. Hanji ne ya maƙale, a tafi asibiti a lokacin.

Idan mura mai ƙarfi ko tari ko zazzaɓi ya kama ka ana saura kwana biyu ko uku, sanar da asibiti. Ɗage aiki ya fi shigarsa da ƙirji a cushe.

Jajibiri da safiyar aiki

Ƙa'idar barin abinci ana yawan karya ta, kuma karya ta na da haɗari ƙwarai. Idan maganin barci ya kama mutum, maƙogwaronsa ba ya iya tare abin da ya taso daga ciki, sai ya gangara huhu. Hakan yana iya kisa. Tsarin da aka fi bi shi ne a bar abinci awa 6 kafin aiki, idan mai maiƙo ne kamar soyayyen nama awa 8, tsabar ruwa kuma ana iya sha har saura awa 2. Jariri mai shan nonon uwa a tsai da shi saura awa 4, mai shan madarar gwangwani saura awa 6. Koko da kunu da fura da nono da shayi mai madara duk abinci ne a wannan lissafi. Goro ma a ajiye shi. Wasu asibitoci kan ce kada a ci kada a sha daga sha biyun dare. Bi umarninsu, amma idan aikinka sai da rana ne, ko ana tsananin zafi, tambaya ko za ka iya shan ruwa da asuba.

Tausayi ne ke karya wannan ƙa'ida. Yaro na kuka, kaka ta miƙa masa biskit a ɓoye. Tsoho ya ce jiri yake ji, ɗansa ya kawo masa shayi. Maganar da ta dace ita ce, “Baba, a yi haƙuri, da an fito za a karya.” Idan kuma an riga an ci, a faɗa wa nas. Iyakarta a jinkirta aikin.

Yi wanka da sabulu da daddare, ka sake da safe. Kada ka aske wurin da reza. Hukumar Lafiya ta Duniya, a jagorarta ta 2016 kan hana rauni ruɓewa, ta hana aski da reza kafin tiyata, domin ƙananan yankan da ido ba ya gani suna zama mashigar ƙwayoyin cuta. Idan gashi zai hana aiki, a asibiti za a rage shi. Kada ka shafa mai ko hoda a wurin. Mata su cire ɗan kunne da zobe da awarwaro su bari a gida, su goge jan farce, su kuma guji baƙin lalle a yatsu, domin na'urar da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini tana iya kasa karantawa. Sa tufafi masu walawa, jallabiya ko zane, da takalmin da ba sai an sunkuya ba. Riƙe katin asibiti, sakamakon gwaje-gwaje, da magungunanka.

A asibiti

Za a tambaye ka sunanka da aikin da za a yi da ɓangaren da za a yi shi, ba sau ɗaya ba. Kada ka gaji da amsawa. Wannan yana cikin jerin binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 don kauce wa kuskure a ɗakin tiyata. Tabbatar an sa alama da biro a ɓangaren da ke ciwo, dama ko hagu, kana kallo. Takardar amincewa kuma kada ka sa mata hannu sai an karanta maka ita cikin harshen da kake ji. Baligi mai hankali, namiji ko mace, shi ke da haƙƙin amincewa da abin da za a yi a jikinsa, kuma mace na iya neman ma'aikaciya mace ta tsaya tare da ita.

Gyaran ƙaba a ɓangare ɗaya galibi ba ya wuce awa guda. Bayan an fito za a ajiye ka a ɗakin farfaɗowa ana auna numfashi da bugun jini. Barci-barci, rawar ɗari, ɗan tashin zuciya, da kaikayin maƙogwaro ga wanda aka sa wa bututun numfashi, duk an saba ganinsu. Kafin a sallame ka ana son ka farka sarai, ka sha ruwa ya zauna, ka taka da ƙafarka, zafi ya lafa, filasta ba ta jiƙe da jini ba, kuma ka yi fitsari, musamman bayan allurar baya. Kada ka matsa a sake ka don magariba ta gabato. Mai rakiya ya tsaya lokacin da ake bayani, domin wanda ya tashi daga maganin barci yakan manta abin da aka faɗa masa. Ku karɓi lambar da za a kira, da ranar dawowa, a rubuce.

Awa 24 na farko

A koma gida a mota, kada a hau acaɓa. A riƙe ƙaramin matashi a kan rauni saboda gargada. Har gobe war haka maganin da aka ba ka wurin aikin bai gama barin jiki ba, ko da kana jin garau. Kada ka tuƙa mota ko babur, kada ka tsaya gaban murhu ko injin, kada ka sa hannu a ciniki ko yarjejeniya, kada ka kulle ƙofar banɗaki. Fara da ruwa, sai kunu ko fate ko romo, sannan abincin da ka saba. Idan za ka tashi, juya gefe, sauke ƙafafu, tura jiki da hannu, ka ɗan zauna kafin ka miƙe. Wanda aka yi wa allurar baya yana iya samun ciwon kai da ke tsananta in ya zauna, ya lafa in ya kwanta. Ya kwanta, ya sha ruwa sosai, idan ya ƙi sauƙi a koma asibiti.

Zafi, rauni da ciki

Allurar da aka yi a bakin rauni takan sake cikin dare, don haka sha maganin zafi a kan lokaci kwana biyu ko uku na farko, kada ka jira sai ciwo ya taso. Babban mutum yana iya shan farasitamol mai miligiram 500 ƙwaya biyu, har sau huɗu a yini, kada ya wuce ƙwaya 8 cikin awa 24. A lura, magungunan mura da na ciwon jiki da yawa suna ɗauke da farasitamol a ciki. Na yara kuwa da nauyinsu ake aunawa. Ibufurofen da dikilofenak a sha su bayan an ci abinci, kuma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko asma kada ya taɓa su sai da izinin likita. Kada ka je kemis ka haɗo maganin kashe ƙwayoyin cuta da ba a rubuta maka ba.

Bar filasta a bushe kamar awa 48, ko iya kwanakin da aka ce maka. Kafin nan goge jiki da tsumma ya wadatar. Bayan nan yi wanka a tsaye, ka tsane wurin da tsaftataccen tawul ba tare da gogawa ba. Duk mai taɓa rauni ya wanke hannu da sabulu. Kada a gasa shi da ruwan zafi, kada a barbaɗa garin kafso, kada a shafa man kaɗanya ko toka ko wani haɗi. Zaren da ba ya narkewa akan cire shi tsakanin kwana 7 zuwa 10. Ɗan kumburi da duhun fata a matsematsi ko marena, da wani tauri a ƙarƙashin ɗinki, ba abin tsoro ba ne, suna bajewa cikin makonni. Ɗan kamfai mai ɗan riƙe jiki yana rage nauyin wurin.

Yunƙurin bayan gida yana wahalar da ɗinki, kuma tiramol da kodin suna ɗaure ciki. Sha ruwa da yawa, ci gwanda da kankana da lemo, miyar kuɓewa da kuka da zogale da alayyahu. Ƙwai da kifi da nama da wake su ne kayan gina sabuwar tsoka, ba sa sa rauni ya yi mugunya. Idan tari ko atishawa ya zo, dafe wurin da tafin hannu ko matashi. Ka riƙa zagaya tsakar gida tun daga ranar farko, domin kwanciya wuri ɗaya tana sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa.

Salla, azumi da 'yan dubiya

Shari'a ta sauƙaƙa wa majinyaci. Wanda ruku'u da sujada ke ja masa ɗinki ya yi salla a zaune, in bai iya ba a kwance. Ana shafa a kan bandeji, ana yin taimama idan ruwa zai cutar. Wanda aka cire wa yanar ido ya tambayi likita yaushe zai fara kai goshi ƙasa, ya kiyaye ruwa kada ya shiga idon wurin alwala, kada ya murza shi, ya guji hayaƙin itace da ƙurar hunturu, ya kuma ɗiga maganinsa a kan lokaci. Idan aikin ya faɗo cikin Ramadan, majinyaci na da damar ajiye azumi ya rama, kuma kwanakin farko jiki na buƙatar ruwa da magani.

Dubiya zumunci ce, amma a yi mata tsari. Mai jinya ya tare mutane a zaure ko tsakar gida ranar farko, ya karɓi gaisuwa a madadin majinyaci. Mai mura ya yi dubiyarsa ta waya. Kada a buɗe filasta don wani ya gani, kada kuma a karɓi maganin da ɗan dubiya ya zo da shi, komai kusancinsa.

Komawa aiki

Mai aikin ofis ko zaman shago yakan koma bayan mako ɗaya ko biyu. Ɗaukar kaya mai nauyi kuwa sai bayan mako 4 zuwa 6: buhu, jarkar lita 25, jan guga a rijiya, daka, faskare, huɗa, dako, tura kura. Tuƙi sai ka iya taka birki da ƙarfi ba tare da jin zafi ba, hawa babur kuma ya fi buƙatar jinkiri saboda jijjiga. Kusantar iyali sai jiki ya saki, galibi bayan kamar mako biyu. Fata takan haɗe da wuri, naman ciki ne ke ɗaukar lokaci, shi ya sa wanda ya ga bakin rauni ya bushe ya koma dako yake saka gyaran cikin haɗari. Sannu ba ta hana zuwa.

Alamomin da ba a jira da su

A koma asibiti nan take, ko dare ko rana, idan an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

Jinin da ya jiƙa bandeji ya ƙi tsayawa bayan an danne shi minti 10.

Kasa yin fitsari kamar awa 8, ga mara a cike.

Aman da ya hana ruwa da magani zama, ko ciki ya kumbura ba tusa ba bayan gida.

Zafin jiki da ya kai digiri 38. Kada a ce maleriya ce a tsaya nan. A gwada jini, a kuma duba raunin.

Ja da kumburi da ke yaɗuwa, mugunya, wari, ko ɗinki ya buɗe.

Zafin da ke ƙaruwa duk da magani, ko marena su kumbura sosai da ciwo.

Ƙwauri ɗaya ya kumbura yana ciwo, ko ciwon ƙirji, ko numfashi ya yi wuya.

Barcin da ake kasa tayar da mutum daga cikinsa, ko ruɗewa.

Ga mai aikin ido, zafi mai tsanani ko gani ya ragu bayan ya fara washewa.

Rubuta waɗannan a takarda tare da lambar asibiti da ta mai motar da za a kira, a manna a inda mai jinya zai gani. Ranar da aka ba ka ta dawowa kuma ka je ko da kana jin ka warke sumul. A nan ake duba ɗinki, a gyara ma'aunin magungunan da aka dakatar, a ba ka izinin komawa aikin ƙarfi. Idan ƙari aka cire maka, an tura shi ɗakin bincike don a san irinsa. Tambayi ranar da sakamakon zai fito, ka je ka karɓa, ka kai wa likita ya karanta maka, domin daga shi ne za a san ko an gama ko akwai sauran magani.